Shanun Esinati

Kefasi Chikozho ya yi shekara goma sha wani abu yana soja, ya je yaƙin Kwango ya dawo da ƙafafunsa biyu da hannayensa biyu, amma tun ranar da ya sauka daga mota a Jerera bai ƙara yanka ko da kaza ba. Idan baƙo ya zo, sai ya kama kazar da kansa, ya ɗaure mata ƙafafu tsaf, ya aika a kira Muchena, sannan ya zaga bayan garke duba shingen da ba abin da ya same shi. Muchena abokin wasansa ne na gado, irin wanda al'ada ta ba shi izinin faɗa maka kowace magana, har a bakin kabarinka. Yakan taho da wuƙarsa yana ɗaga murya tun daga hanya.

"Ina kwamanda? Ku ce masa ya fito, abokan gaba sun miƙa wuya, ga su nan a ɗaure!"

Muchena ya yanka, ya ɗauke ƙundu, wanda a ƙa'ida rabon maigida ne, ya kama gabansa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, kuma duk ƙauyenmu ba wanda ya taɓa tambayar Kefasi abin da ya gani a Kwango. Mu mutane ne masu son jin ƙwaƙwaf, amma mun san wanda ake tambaya.

Magana ɗaya ya taɓa yi a kan soja, ita ma a ranar da ya dawo ne. Ana tsakiyar guɗa da tafi ya dubi matarsa Esinati ya ce, muddin yana numfashi, ba wanda zai fito daga gidansa ya sa kakin nan. Mutane suka yi dariya, don 'ya'yansa biyu ne kuma duk mata, Shorai da jaririya Ruramai. Muchena ya ce bai taɓa jin alwashi mai araha kamar wannan ba, shi ma ya rantse akuyarsa ba za ta taɓa tuƙa jirgin sama ba.

Daga nan Kefasi ya zama manomi kamar kowa: masara, gyaɗa, ɗan kabewa a gefen gona. Yana gyara amalanke idan an kawo masa, don hannunsa ya iya katako. Kuɗin sallamar da gwamnati ke ba shi duk wata yakan isa sayen sabulu, idan ba a yi wanki da yawa ba. Magana kuwa ya bar wa Esinati, ita kuma ta karɓa hannu bibbiyu. Takan yi tambaya, ta ba kanta amsa a madadinsa, sannan ta yi masa faɗa a kan amsar.

Da Shorai ta yi aure, cikin shanun da dangin miji suka kawo akwai saniyar uwa, wato rabon uwar amarya, wadda kowa ya san ko miji bai isa ya ɗora mata igiya ba sai da izinin mai ita. Wata ja ce mai farin goshi, mai kallon mutum sama da ƙasa. Esinati ta raɗa mata suna Madam, wai don ita kaɗai ce a gidan ba ta aikin komai. Aikin da Madam ta iya shi ne haihuwa, kuma ba ta fashi. 'Ya'yanta ma da suka tasa suka bi sawunta.

Esinati ta rasu da damina, jini ya hau mata, a cikin amalanke a kan hanyar asibiti. Kefasi ne ke kora shanun, Ruramai na riƙe da kan uwarta a cinya, tana da shekara goma sha shida. Yarinyar ba ta yi ihu ba. Bayan mako biyu ta gaya wa ubanta likita za ta zama, da irin muryar da ake cewa gishiri ya ƙare. Kefasi ya ce to.

Bayan jana'iza dangin Esinati suka raba tukwanenta da zannuwanta yadda aka saba. Shanun ma nasu ne, su ya kamata su kora gida. Amma yayanta Piniyasi, wanda ke zaune a ƙetaren kogi, ya leƙa garke ya ce wajensu babu ciyawa bana, a bar su tukuna. Ciyawar ƙetaren kogi dai ita ce ciyawar wannan gefen, ruwan sama ɗaya ke jiƙa su. Shi dai makiyayi ya samu kyauta. Duk shekara yakan zo ya ƙidaya shanun da sandarsa, a yanka masa kaza, ya ce, "Suruki, kana ƙoƙari," ya koma.

Ruramai ta ci jarrabawa, ta samu shiga karatun likita a Harare. Kefasi ya yi ta sayar da nasa shanun ɗaya bayan ɗaya, mijin Shorai kuma, direban babbar mota a Afirka ta Kudu, yana ɗaukar kaso mafi nauyi. Ana cikin haka ciwon kaska ya shigo yankinmu. Ya share garke bayan garke, ya kashe 'yan shanun da suka rage wa Kefasi har da bijimin huɗa, amma Madam da zuriyarta ko tari ba su yi ba. Garke ɗaya, wurin kiwo ɗaya, kaska ɗaya. Malamin dabbobi ya ce sa'a ce. Ba wanda ya yi masa musu, baƙo ne. Daga ranar dai mata idan za su wuce garken sukan ɗan rusuna su gaida Maman Shorai.

Kowa ya san abin da ke samun gidan da aka ci shanun uwa. Fushin matacciya ba ya sauka a kan mijin da ya ci, 'ya'yanta da jikokinta yake nema: wannan ciwo, wancan ɓari, wani ya tashi da safe ya kasa gane sunansa. Ana iya zuwa coci ranar Lahadi a yi waƙa har murya ta dushe, Kefasi ma yana zuwa, amma ba za ka sami mai waƙar da zai saye maka maraƙin marigayiya yana sane ba. Sai dai mahautan birni, su ba sa tambayar asalin nama.

A shekararta ta uku Ruramai ta dawo gida ba lokacin hutu ba. Motar mijin Shorai ta kife, shi ya tsira, aikin bai tsira ba. Makaranta ta ce wanda bai biya ba ba zai zauna jarrabawa ba, wanda bai zauna ba kuma ya san hanyar gidansu. Ta tuƙa sadza, tuwon masararmu, ta kawo masa da miyar ganye, ta durƙusa ta zuba masa ruwan wanke hannu, ta bari sai da ya yi nisa da ci.

"Baba, akwai hanya guda. Soja suna ɗaukar ɗaliban likita. Su biya makaranta, su ba ka albashi tun kana karatu. In ka gama ka yi musu aiki wasu shekaru."

Kefasi ya ci gaba da cin tuwonsa. Ya share kwanon, ya wanke hannu, ya yarfe.

"Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski," ya ce.

"Likita za su mai da ni, Baba, ba mai harbi ba."

"Ni ma kafinta suka ce za su mai da ni."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa a kan aikinsa, ita ma Ruramai ta san haka. Sai ta ce ba ta sa hannu ba, kuma ba za ta sa ba sai ya durƙusa ya sanar da kakanni kamar yadda ake yi wa duk mai tafiya. Amma kafin wata ya mutu dole ta ba su amsa, su sojan da makarantar duka.

Kefasi ya tsorata, tsoro na gaske, irin wanda ya yi zaton ya baro a dajin Kwango. Washegari ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya ƙetare kogi. A ƙofar Piniyasi ya tsuguna nesa kaɗan, ya yi ta tafa hannu a hankali yadda suruki ke yi, har aka ga dama aka ce ya matso. Ya yi bayani a taƙaice. Aron shanu uku yake nema daga cikin na marigayiya, idan yarinya ta fara aiki a mayar da huɗu.

Piniyasi ya shaƙi taba, ya yi atishawa, ya dubi sama.

"Suruki, kai ma dai. Shanun nan nawa ne? Na ƙanwata ne. Je ka tambaye ta, in ta amsa ka zo ka gaya mini."

"'Yarta ce, Baba. Jininku ce."

"Shi ya sa. In na ce ɗauka, gobe wani abu ya taɓa yarinyar, wa za a nuna? Ni? Ina! Ban shirya ba." Ya ƙara shaƙa. "Kuma me ye laifin sojan? Kai da ka je, ba ga ka nan ba? Ka dawo mutum mai hankali, ba ka da surutu."

Ba za a ce Piniyasi mugu ne ba. Matsoraci ne kawai mai son banza, irinsu kuma su ne suka fi yawa a kowane gari. Ya sa aka ba Kefasi kabewa biyu, ya raka shi har bakin shinge, ya tambayi lafiyar Madam.

Ranar Laraba ake gwanjon shanu a filin da ke gaba da shagunan Jerera. Ran Talata da yamma Muchena ya tarar da Kefasi yana murza sabuwar igiya a bakin garke. Ya dubi igiyar, ya dubi shanun.

"Kwamanda, in rataye kanka za ka yi, bari in kawo maka tawa, ta fi ƙarfi."

"Uku zan kai gobe."

"Uku me?"

Kefasi ya nuna da haɓa. Muchena ya buɗe baki, dariyar ta ƙi fitowa.

"Kefasi, na daɗe da tanadar abin da zan yi a jana'izarka. Zan sa kwat ɗinka, in kama kaza, in gudu bayan garke. Mutane za su yi dariya har su faɗi. Amma ban tanadi komai ba don jana'izar yara. Ka ji ni?"

"Zan roƙe ta ta sauke a kaina."

"Tun tana da rai yaushe ta taɓa bin shawararka?"

Kefasi ya ci gaba da murza igiya. Muchena ya juya ya nufi madafa, inda Ruramai ke tankaɗe gari. Abokin wasa ba ya riƙe sirri, shi ya sa ake yin sa.

Da safe Kefasi ya cire hula a ƙofar garke. Bai iya doguwar magana da masu rai ba, balle matattu. Ya ce, "Maman Shorai, ni ne. Ba giya zan sha da su ba. In akwai abin da zai biyo baya, ga ni, kin san inda nake kwana." Ya ware bijimai biyu da karsana guda. Suka ƙi motsi sai da Madam ta fito ta shige gaba, dole ya tafi da ita. Ta kama hanya tana taku ɗai-ɗai, shi yana biye.

Labari ya riga shi fita. Masu zuwa rijiya suka ratse cikin gona. Wata tsohuwa ta ɗora hannu biyu a ka. Ba wanda ya gaishe shi, shi ma bai nema ba.

A mararraba, inda hanyar Jerera ta rabu da ta kogi, ya ji ƙarar kofatai a bayansa. Ya waiga. Sauran shanun Esinati ne kaf, har da ɗan maraƙin da aka haifa watan jiya, Ruramai na kora su da reshen itace, Muchena na can baya yana haki yana zagin duwatsun hanya. Shanun suka haɗu suka tsaya suna shinshinar juna. Ruramai ta zo gabansa ta durƙusa a tsakiyar hanya, ta tafa hannu.

"Shumba," ta ce. Sunan zuriyarsu ke nan, da shi ake kiran mutum idan ana son ya saurara. "Ina kwana."

"Koma da su gida."

"Gida zan kai su. Gidan Kawu."

"Ruramai."

"Baba, ni ban yarda saniya tana ɗauke da fushin kowa ba. Na buɗe gawa da hannuna, na duba ko'ina, ban ga inda fushi yake zama ba. Amma kai ka yarda. Yaya Shorai ta yarda. Ranar da ɗanta ya yi zazzaɓi, ba sauro za ta zarga ba, kai za ta kalla. Ni kuma in yi tari a waya, ka kwana zaune. Ka riga ka yi shekara ashirin kana jiran wani abu ya biyo ka. Ba zan ƙara maka wani ba don in sa farar riga."

"Na yi alwashi."

"Ka yi, kuma ka riƙe shi har ka sayar da shanunka ɗaya bayan ɗaya. Ga ka nan za ka sayar da barcinka a kai. Ya isa."

Kefasi ya dubi hanyar Jerera. Daga nan ana hango ƙurar motocin mahauta.

"Ba ki san su ba," ya ce. "Can ba a tambayar mutum. Ranar da aka ce tafi, tafiya ce. Ba su ce mini ga inda za mu ba sai da jirgi ya sauka."

"Na sani, Baba. Wata uku ina juya abin. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma in na bar karatun nan, amalanken da Mama ta rasu a ciki zan yi ta gani har in mutu. Cikin tsoro biyun, wannan na zaɓa. Nawa ne, ka bar mini shi."

Muchena ya iso, ya zauna a kan dutse. Madam ta fara cin ciyawar gefen hanya. Kefasi ya daɗe a tsaye da igiya a hannu. Yana son yarinyar nan fiye da yadda ya taɓa iya faɗa, kuma ya gane cewa duk hanyar da ya bi a mararrabar nan, ba zai iya tare mata komai ba. Ya naɗe igiyar ya rataya a kafaɗa. Ya zaga gaban Madam, ya ɗan taɓa ta da sanda a wuya, ya juya ta wajen kogi.

Piniyasi na zaune a inuwa ya ga shanu sun cika masa ƙofar gida. Ya miƙe tsaye, taba ta zube.

"Suruki, lafiya? Ai na ce babu ciyawa."

"Mun gani a hanya, Kawu, ta fito," in ji Ruramai.

Kefasi ya tsuguna ya tafa hannu, ya roƙi a ƙidaya. Piniyasi ya ƙidaya sau biyu, yana fatan ya sami gibi, bai samu ba. Muchena ya ce tun da an kawo dukiya lafiya ai sai a yanka wa baƙi kaza, kuma shi ya zo da wuƙarsa. Aka yanka. Muchena ya ɗauke ƙundu.

Ranar da Ruramai za ta koma Harare, Kefasi ya kira ta tun tana haɗa kaya. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ƙafafunta.

"In sun ba ki takalmi, karɓi wanda ya fi ƙafarki kaɗan. Ki jiƙa shi da ruwa, ki sa, ki yi ta yawo har ya bushe a ƙafarki. Safa biyu. Kada ki tsaya a gaban layi, kada ki tsaya a ƙarshe. In an tambayi wa ya iya wani abu, ba ki iya ba."

"To, Baba."

"Cokalinki a aljihu kullum."

Daga nan ya tashi ya shiga madafa, ita tana biye. Ya durƙusa gaban dakalin tukwane, inda ake magana da waɗanda suka riga mu. Ya zuba garin taba a ƙasa, ya fara tafi a hankali, ya kira ubansa, ya ce ya gaya wa nasa uban, har zuwa waɗanda ba a san sunansu ba.

"Ga 'yarku Ruramai za ta tafi. Likita ce. Kayan da za ku gani a jikinta na aro ne, kada ku ɗauka wata ce daban. Ku bi ta duk inda aka tura ta, ko ba a gaya mata sunan wurin ba."

A ƙa'ida nan ake tsayawa, don matar aure ba ta cikin kakannin gidan miji, nata suna ƙetaren kogi. Amma ya ƙara ɗiban taba ya zuba gefe guda.

"Maman Shorai, shanunki sun isa gida, ko ɗaya bai ɓata ba. 'Yarki ce na kasa tsarewa."

Ya raka ta bakin titi ɗauke da jakarta. Da motar ta tashi bai ɗaga hannu ba, ya tsaya ƙyam har ƙura ta kwanta. Sannan ya dawo ya zaga bayan garke, inda babu ko maraƙi, ya kama gyaran shinge. Can Muchena ya same shi. Ya buɗe baki zai ce kwamanda, ya fasa, ya kama masa ɗaya gefen itacen.